Gidan Wasan Vicenza Da Titunansa Na Katako

A arewacin Italiya, yamma da Venis, akwai wani ɗan birni wai shi Vicenza. Can ne gidan wasan kwaikwayo mai rufi na dindindin wanda ya fi kowane daɗewa a ƙasar Turai, sunansa Teatro Olimpico.

Asalinsa kuwa, wata ƙungiyar masana ce ta garin, wadda aka kafa cikin 1555, ta yi sha'awar samun wurin wasa irin na Rumawan dā. Aka ba su wani tsohon kurkuku. Suka ɗora aikin a kan Andrea Palladio, shugaban magina na zamaninsa, wanda ya sha auna kangayen Rum da hannunsa. Da ya ga filin ya ƙuntata, bai isa rabin da'ira ba, sai ya matse matakalan zama suka yi siffar rabin ƙwai. Aka soma gini cikin 1580. A watan Agusta na wannan shekara Palladio ya rasu, bai ga ko rufin ba.

Vincenzo Scamozzi ya ƙarasa, shi ne kuma ya yi abin da na fi so ku lura da shi, ya ku 'yan makaranta. Bangon dandalin yana da ƙofofi, in ka leƙa ta cikinsu sai ka hangi tituna bakwai na birnin Thebes, gidaje jere, sun miƙe har iyakar ganinka. Alhali taku kaɗan ne tsawonsu! Katako ne da farar ƙasa. Dabarar ita ce, daɓen yana hawa sannu sannu, gidajen kuwa suna ƙanƙancewa, sai ido ya ɗauka nisa ne. Wanda ya koyi zane a aji ya san wannan a takarda, amma shi da itace ya yi. Ɗan wasan da ya kuskura ya shiga can ƙurya sai ya ga kansa ya kai tsawon soro, asiri ya tonu.

Ran 3 ga Maris 1585 aka buɗe gidan da wasan Sarki Oedipus na Sophocles, aka haskaka titunan da fitilun mai. Don wannan wasa kaɗai aka yi su, amma ba wanda ya iya sa hannu ya rushe. Suna nan tsaye, fiye da shekara ɗari huɗu ke nan. Gudun kada katakon ya lalace, ba a sa na'urar ɗumama ɗaki ko ta sanyaya shi ba, don haka sai lokacin da sanyi da zafi suka yi sauƙi ake wasa a ciki.