Kwalta, Zafi da Ƙwarin Bishiya: Yadda Birni Ke Tace Masu Cin Itatuwansa

A shekarar 2013 wasu masana ilmin ƙwari na Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, Emily Meineke da Steven Frank da abokan aikinsu, suka wallafa sakamakon ƙidayar da suka yi a kan bishiyoyin gefen titi na birnin Raleigh. Ƙwaron da suka bi diddiginsa, Parthenolecanium quercifex, ɗan mitsitsi ne da ke maƙalewa a reshe yana tsotsar ruwan jikin bishiya. Sun tarar yawansa a unguwannin da suka fi zafi ya ninka na unguwanni masu sauƙin zafi har sau 13. Bayan shekara huɗu, Mikhail Kozlov na Jami'ar Turku a Finland da ayarinsa suka wallafa awon da suka yi na ɓarnar ganye a birane 16 na Turai da karkarar da ke kewaye da su. Su kuma abin da suka gano shi ne ganyen da ƙwari ke cinyewa a cikin birni ya gaza na karkara da kashi 16.5 cikin ɗari.

Mai karatu na iya ɗauka ɗaya daga cikin binciken biyu ya yi kuskure. Ko kusa. Kuskuren yana cikin tambayar da aka saba yi, wato ko birni na ƙara ƙwarin bishiya ko yana rage su, kamar dai ƙwari duk abu ɗaya ne. Abin da zan kafa hujja a kansa shi ne birni rariya ce: yana tace ƙwari gwargwadon yadda suke ci da yadda suke tafiya, ya bar wasu su wuce su yi yawa, ya tare wasu. Kuma waɗanda ke wucewa, mu muke share musu hanya da irin yadda muke dasa bishiya da yadda muke shafe ƙasan da ke gindinta.

A fara da zafi. Tun 1818 Luke Howard ya nuna da ma'auni cewa tsakiyar Landan ta fi karkararta ɗumi. Dalilin sananne ne yanzu. Kwalta da kankare da rufin gidaje na shan zafin rana su riƙe shi, su riƙa sakinsa da dare. Ruwan sama kuma kwarara yake yi a magudana maimakon ya nutse a ƙasa ya dawo sama ta ganye ya sanyaya iska. Ƙwaro ba shi da ikon daidaita zafin jikinsa kamar tsuntsu ko akuya, saboda haka ƙarin digiri ɗaya ko biyu na iya gaggauta girmansa, ya ƙara yawan ƙwan da mace ke yi, ya kuma rage waɗanda sanyin hunturu ke kashewa. Wanda ya fi cin ribar wannan shi ne ƙwaron da ba ya zuwa ko'ina. Ƙwarin ɓawo, dangin da na Raleigh ya fito daga cikinsu, macensu kan soka bakinta mai kama da allura a jikin reshe, ta lulluɓe kanta da ɓawo, ta ƙare rayuwarta a nan. Titi mai faɗi ba ya hana ta komai, don ba ta da niyyar ƙetare shi.

Meineke ba ta tsaya ga ƙidaya ba. Ta ɗebo ƙwarin daga unguwanni masu zafi da masu sauƙin zafi, ta raine su a ɗakunan gilashi na gwaji, wasu da ɗumi wasu da sanyi. A ɗaki mai ɗumi, 'ya'yan unguwa mai zafi suka fi yawaita. Wato dai sun riga sun saba, ko ta hanyar gado ko ta sabon jiki. A wani bincike na 2014 ta nuna cewa a wuraren da suka fi zafi ƙwarin kan riga lokacinsu yin ƙwai, alhali ƙananan zanzaron da ke saka ƙwansu a jikinsu su kashe su ba su matso da nasu lokacin ba. Maƙiyi na nan, amma ya makara, ya zo bayan an gama haihuwa.

Adam Dale, shi ma tare da Frank, ya bi wani ƙwaron ɓawo, Melanaspis tenebricosa, mai addabar bishiyar Acer rubrum wadda ake yawan dasawa a titunan kudu maso gabashin Amurka. Aikinsa ya ƙara abu biyu masu muhimmanci. Na farko, ƙishirwa: da aka riƙa ba wasu bishiyoyi ruwa aka bar wasu, matan ƙwarin da ke kan bishiya mai fama da zafi da rashin ruwa a lokaci guda su suka fi ɗaukar ƙwai. Na biyu, ma'auni mai sauƙi da kowane ma'aikacin gandun daji zai iya riƙewa a ka. Idan ƙasar da aka shafe da kwalta ko siminti a kewayen bishiya ba ta kai kashi ɗaya bisa uku ba, galibi bishiyar kan yi lafiya. Idan ta haura kashi biyu bisa uku, galibi ta lalace. A ganina wannan shi ne sakamako mafi amfani a duk fagen, domin ya ɗauke hankali daga ƙwaron ya mai da shi kan ramin da aka dasa bishiyar. Akwai ma wani tabbaci daga wurin da ba a zata ba. Elsa Youngsteadt ta duba busassun rassan wannan bishiya da aka adana a ma'ajiyoyin tsirrai tun ƙarshen ƙarni na 19, ta ƙirga ɓawon ƙwarin da ya bushe a jikinsu, ta ga rassan daji da aka yanko a shekaru masu zafi sun fi ɗauke da ƙwarin. Abin da kwalta ke yi a birni, shekara mai zafi na yin irinsa a daji.

Masu tauna ganye kuwa, tsutsotsin malam-buɗe-littafi da na faɗa-wuta da makamantansu, labarinsu daban ne. Da yawansu sai sun sauka ƙasa sun shiga turɓaya ko busasshen ganye kafin su rikiɗe su yi fiffike, ga shi ƙasar an shafe ta, ganyen kuma an share. Bishiyoyin birni a warwatse suke, ba kowane ƙwaro ke iya ƙetare faɗin gine-gine ya kai ga ta gaba ba. Ga kuma fitilun titi: wani bincike na 2021 a kudancin Ingila ya sami tsutsotsin faɗa-wuta sun ragu da kashi 47 cikin ɗari a shingayen da fitila ke haskawa. Kozlov ya ɗora alhakin raguwar da ya gani a kan tsuntsaye. Ayarinsa sun maƙala tsutsotsin ƙarya a rassa, suka ga tsuntsayen manyan birane sun fi na karkara saransu, kuma bambancin ɓarnar ganyen a manyan birane kawai ya fito fili, bai bayyana a ƙananan garuruwa ba. Bayani ne mai gamsarwa, sai dai ya kamata a tuna cewa a Turai mutane na ajiye wa tsuntsaye abinci a farfajiyar gidajensu, al'adar da ba kowane birni na duniya ya san ta ba.

Sai baƙi. Birni ne tashar jiragen ruwa da kasuwar katako da wurin sayar da dashe, don haka shi ne ƙofar da baƙon ƙwaro ke shigowa. A 2002 aka gano Agrilus planipennis kusa da Detroit, ƙwaro mai koren sheƙi daga gabashin Asiya wanda tsutsarsa ke cin ƙarƙashin ɓawon bishiyar ash har ta yanke mata hanyar ruwa da abinci. Ana kyautata zaton a katakon ɗaure kaya ya shigo. Ya kashe miliyoyin bishiyoyi, kuma abin takaicin shi ne garuruwa da yawa sun cika titunansu da ash ne don maye gurbin bishiyoyin elm da wata cuta ta share musu a tsakiyar ƙarni na 20. An rasa iri ɗaya, aka maye shi da wani iri ɗayan. A Turai kuma Cameraria ohridella, ɗan ƙaramin faɗa-wuta da tsutsarsa ke haƙa rami a cikin ganye, an fara lura da shi kusa da tafkin Ohrid a Masedoniya a shekarun 1980, ya isa Wimbledon ta Landan a 2002. Shi a busasshen ganye yake wuce hunturu, don haka inda ake kwashe ganyen da ya zuba ɓarnarsa kan yi sauƙi a farkon shekara mai zuwa. Sharar da ke cutar da sauran ƙwari ita ce maganin wannan.

Idan annoba ta ɓarke, hannun hukuma kan fara kaiwa ga feshi. Abin da ya faru a South Lake Tahoe ta Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1960 ya isa gargaɗi. An riƙa feshin malathion a unguwanni don kashe sauro, sai ƙwarin ɓawo suka rufe bishiyoyin pine na garin. Robert Luck da Donald Dahlsten suka nuna cewa feshin ya kashe ƙananan zanzaro da sauran masu cin ƙwarin, su kuwa ƙwarin suna lulluɓe cikin ɓawonsu. Da aka daina feshin, cikin 'yan shekaru annobar ta lafa da kanta.

Duk misalan nan daga ƙasashe masu hunturun ƙanƙara suke, kuma a nan ne ya kamata mai nazari daga yankinmu ya yi hattara. A Raleigh ko Landan ƙwaro na rayuwa ƙasa da zafin da ya fi masa daɗi, don haka ƙarin ɗumi riba ce. Ƙwarin ƙasashe masu zafi kuwa sun riga sun kusanci iyakar abin da jikinsu ke ɗauka. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙarin digiri biyu daga kwalta na iya kashe ƙwaro maimakon ya raya shi. Ba daidai ba ne a ɗauko ninki 13 na Raleigh a ɗora wa Kano.

Abin da ya fi yiwuwa ya ƙetaro zuwa gare mu shi ne sauran ɓangarorin biyu: ƙishirwar bishiya da dogaro ga iri ɗaya. Mun ma taɓa ganin haɗuwarsu. Darbejiya, wadda asalinta ƙasar Indiya ne, an kawo ta lardin Borno a 1928, ta bazu har ta zama inuwar titi da kasuwa da makaranta daga Maiduguri zuwa Maraɗi. A shekarun 1980, bayan fari mai tsanani, wani ƙwaron ɓawo ɗan asalin Asiya, Aonidiella orientalis, ya afka wa darbejiyar yankin tafkin Chadi, a Kamaru da Chadi da Nijar da arewa maso gabashin Najeriya, ganye ya riƙa bushewa yana zuba. Bishiyar da ake daka ganyenta da 'ya'yanta don korar ƙwari daga rumbu, ita ce ƙwaro mai tsotsa ya kama lokacin da ta galabaita. Ba birni ne ya haddasa wannan annoba ba, amma birane ne suka fi dogara ga bishiyar. Yau kuma a sabbin unguwanni da gidajen mai da harabar ofisoshi ana shimfiɗa intalok har ya taɓa gindin bishiya, abin da ke jawo mata irin ƙishirwar farin nan ko da a shekarar da damina ta yi kyau. Gwada wannan zato ba ya bukatar kayan aiki masu tsada: ɗalibin ilmin ƙwari a Jami'ar Bayero ko ta Maiduguri na iya zaɓen darbejiyoyi daga tsakiyar kasuwa zuwa bayan gari, ya auna kason ƙasar da aka shafe a kewayen kowace, ya rataya ma'aunin zafi a reshe, ya ƙirga ɓawon da ke kan ganye a rani da damina.