Abin da ya kamata a sani game da baje kolin tsofaffin wasannin bidiyo na Portland

Duk shekara a cikin kaka, dubban mutane sukan hallara a babban zauren taro na Oregon Convention Center da ke birnin Portland na Amurka domin baje kolin Portland Retro Gaming Expo. Taro ne na kwana uku, daga Juma'a zuwa Lahadi, wanda ya ginu a kan na'urorin wasan bidiyo da kasusuwansu waɗanda kamfanoni suka daina ƙerawa tun shekaru aru-aru. Annobar korona ta dakatar da shi a 2020 da 2021, ya dawo a 2022. Yana da takwarori, irin su Midwest Gaming Classic na birnin Milwaukee da Play Expo na Ingila, amma na Portland yana cikin waɗanda suka fi shahara.

Me ya sa taron yake da muhimmanci?

A watan Yulin 2023 gidauniyar Video Game History Foundation, tare da haɗin gwiwar Software Preservation Network, ta fitar da binciken da ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa daga hannun masu su. 'Yan watanni kafin haka, a Maris na 2023, kamfanin Nintendo ya rufe shagonsa na intanet na na'urorin 3DS da Wii U. A Oktoban 2024 kuma ofishin kare haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi bai wa ɗakunan karatu damar barin masu bincike su buga irin waɗannan wasanni daga nesa. Saboda haka wanda yake son buga yawancin tsofaffin wasanni ta halastacciyar hanya dole ya nemi asalin kaset ɗin da na'urar da ke karanta shi. Baje koli irin na Portland shi ne wurin da ake samun duka biyun a ƙarƙashin rufi ɗaya, tare da mutanen da suka san gyaransu.

Abin da mai ziyara zai tarar

Kaso mafi girma na zauren kasuwa ce. 'Yan tebur suna shimfiɗa kasusuwan Atari 2600, na'urar da ta fito a 1977, da na NES, wadda Nintendo ya shigo da ita Amurka a 1985 bayan ya fara sayar da ita a Japan da sunan Famicom a 1983, da na Sega Genesis da Game Boy da fayafayan PlayStation. Ana sayar da mujallu da littattafan bayanin wasa da kwalaye, har da wayoyin haɗi da kayan gyara. Ciniki halas ne a nan, kuma da yawan masu tebur suna karɓar musaya.

Sashe na biyu filin wasa ne, inda ake jera manyan akwatunan wasa na zamanin da da teburan pinball, kowa ya buga ba tare da jefa kwabo ba, domin kuɗin shiga ya wadatar. Akwai ɗakunan jawabi, inda tsofaffin masu tsara wasanni ke ba da labarin yadda suka yi aiki, da gwanjo na kayan da ba kasafai ake gani ba. Akwai kuma masu rubuta sababbin wasanni domin tsofaffin na'urori, suna sayar da su a sababbin kasusuwa.

Gasar Tetris

Abin da ya fi fito da sunan taron a duniya shi ne gasar Classic Tetris World Championship, wadda aka fara a Los Angeles a 2010, ta koma Portland a 2012, kafin ta tashi zuwa Pasadena a 2024. Ana buga ta da kaset ɗin Tetris na NES na 1989 a kan tsofaffin talabijin masu ƙeya, saboda suna nuna motsi nan take ba tare da jinkirin da ake samu a talabijin na zamani ba. Jonas Neubauer ya lashe ta sau bakwai. A 2018 wani yaro ɗan shekara 16, Joseph Saelee, ya doke shi a wasan ƙarshe, kuma bidiyon karawar ya jawo yara masu yawa zuwa wasan da ya girme su. Neubauer ya rasu a Janairun 2021. A Disamban 2023 Willis Gibson, ɗan shekara 13, ya buga wasan har mataki na 157, inda kaset ɗin ya tsaya cak, abin da kafin nan manhajar kwamfuta kaɗai ta taɓa kaiwa gare shi.

Batun farashi

Kuɗi ya sauya yanayin wannan kasuwa. A Maris na 2020 an yi gwanjon samfurin na'urar da Nintendo da Sony suka taɓa haɗa kai don ƙerawa a kan dala 360,000. A Yulin 2021 gidan gwanjo na Heritage Auctions ya sayar da Super Mario 64 da ba a ɓare ledarsa ba a kan dala miliyan 1.56, kwana biyu bayan The Legend of Zelda ya tashi a kan dala 870,000. Irin waɗannan kaya sukan bi ta hannun kamfanonin tantancewa, waɗanda ke ba su maki su kulle su cikin akwatin roba. An yi zargin cewa wasu dillalai sun kumbura farashin da gangan, kuma daga baya farashin ya sauko sosai.

Wannan ya raba mahalarta gida biyu. Akwai masu tara kaya a matsayin jari, waɗanda ba za su taɓa buɗe abin da suka saya ba, akwai kuma masu saye domin su buga. Wasu kaya suna da tsada ne don da gaske ba su da yawa, kamar kasusuwan gasar Nintendo World Championships ta 1990, waɗanda masu launin zinare guda 26 kacal aka raba. Amma wasannin da aka buga miliyoyi, idan babu kwali, har yanzu ana samun su da araha, kuma su ne akasarin mutane ke komawa gida da su.

Abin lura kafin saye

Jabun kasusuwa sun yawaita, musamman na Pokémon da sauran wasannin Game Boy. Ƙwararru sukan duba ingancin takardar da aka manna, sannan su nemi a kwance kaset ɗin su ga allon lantarkin da ke ciki. Mai sayarwa na gaskiya ba ya ƙin haka. Na biyu shi ne batiri: kasusuwa da yawa suna ajiye inda ɗan wasa ya tsaya ne da taimakon ƙaramin batiri, kuma idan ya mutu ajiyar ta tafi, sai an narka dalma an sauya shi. Na uku, bindigar wasan Duck Hunt ba ta aiki sai da talabijin mai ƙeya.

Mai saye daga Najeriya ko Nijar yana da ƙarin abin dubawa. Na'urorin Amurka an yi su ne don wutar da ke da ƙarfin bolt 120, ta ƙasashen nan kuwa ta kai 220 zuwa 230, don haka jona su kai tsaye kan ƙona su sai an sa na'urar rage ƙarfin wuta. Tsarin hotonsu NTSC ne, kuma da yawa ba sa karanta kaset ɗin Turai.

Tsofaffin mahalarta suna ba da shawarar a zagaya zauren gaba ɗaya kafin a fitar da kuɗi, a riƙe tsabar kuɗi domin ciniki, a kuma nemi a gwada na'ura kafin a biya. Kaya masu wuyar samu sukan ƙare da wuri, rangwame kuma ya fi samuwa a yammacin Lahadi, lokacin da masu tebur ba sa son komawa da kaya gida.