Yadda Tulun Kwali Ya Shiga Zauren Nuni

A shekarar 1958, a wani zauren nuni da ke unguwar Mayfair ta birnin Landan, wanda ake kira Berkeley Galleries, inda ma'abota sha'awar zane da sassaƙa suka saba zuwa su kewaya a tsanake, su tsaya gaban kowane abu su ƙare masa kallo kafin su tambayi kuɗinsa, aka baje kolin waɗansu kayan yumɓu da aka yi jigilarsu daga Abuja ta Jihar Arewa, watau garin da a yau muke kira Suleja. A cikin kayan akwai butocin shayi da kwanoni da farantai irin waɗanda Turawa suka riga suka sani, amma abin da ya fi tsayar da masu kallo shi ne waɗansu manyan tuluna masu faɗin ciki, masu sheƙi kamar an jiƙa su, waɗanda aka zane jikinsu da surar kunama da kada da hawainiya da ƙadangare da kifi. Maginiyarsu kuwa wata mace ce daga ƙasar Gwari, ana ce da ita Ladi, mutuniyar Kwali, wadda ba ta yi karatun boko ba, wadda kuma tukwanenta suka riga ta ƙetare teku da 'yan shekaru. Aka sake irin wannan nuni a zauren nan a 1959, aka kuma sake a 1962, har sunanta ya zama sananne ga duk mai bibiyar wannan fanni a Ingila.

Galibin masu ba da wannan labari sukan fara shi ne daga Bature, alhali kuwa, in za a yi adalci, kamata ya yi a fara shi daga fada. An haifi Ladi wajen 1925, ta koyi gini tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, kamar yadda 'yan mata suka saba koyo a wannan nahiya inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Kuma tun kafin wani baƙo ya ji labarinta, Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya yi aikin malanta kafin ya hau gadon sarauta a 1944, ya riga ya lura da cewa aikin hannun matar nan ya fita daban, har ya tara tukwanenta ya ajiye a gidansa saboda kyansu. Ajiye tulu domin kallo, ba domin ɗiban ruwa ba, shi ne asalin abin da zauren nuni yake yi, kuma Sarki ya yi shi ba tare da an raɗa masa wani suna ba. A fadar nan ne Michael Cardew ya fara ganin aikinta a 1950, lokacin da yake zagayen ƙasa yana nazarin yumɓu da magina.

Shi Cardew magini ne na sosai, almajirin Bernard Leach, shehin maginan Ingila na zamaninsa, ya kuma riga ya sha wahalar Afirka ta Yamma a ƙasar Gana, a Achimota da Vume a bakin kogin Volta, kafin gwamnati ta ɗauke shi jami'in harkar tukwane a Nijeriya. Abin da aka so a wurinsa shi ne ya kafa masana'antar da za ta samar wa mutanen ƙasa kwanonin ci da sha masu ƙarko, a rage dogaro ga samira da tangaran da ake shigowa da su daga waje. Ya kamata a yaba masa a kan abu guda: da ya ga tukwanen gargajiya, sai ya yi ikirarin cewa sun cika, sun dace da bukatar masu su, ba su neman gyaran kowa. Ya zaɓi Abuja saboda yumɓunta da itacenta da ruwanta da kuma goyon bayan Sarki, aka buɗe makarantar koyon gini a 1952, ɗalibanta na farko duk maza. A 1954 Ladi ta shigo, ita ce mace ta farko.

A nan ne al'amarin ya ɗauki wata sura da ba wanda ya shirya mata tun farko. Maginiyar Gwari ba ta juya tukunya. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, ita ce take kewaya ta, tana jan yumɓu daga ciki zuwa sama, tana daɗa murɗaɗɗun igiyoyin yumɓu ɗaya bisa ɗaya, tana shafewa, har cikin ya buɗe, wuyan ya tsuke, ba awo ba ma'auni sai ido da hannu. Sa'an nan ta yi ado da ɗan tsinke mai kaifi da guntun igiya ko icce mai tsage da ake mirginawa a jikin ɗanyen yumɓu, ta shanya, ta tara ciyawa da ƙirare a fili ta gasa. Abin da yake fitowa daga wannan wuta mara tsanani ba shi da nauyi, kuma jikinsa yana da ƙofofin da ido ba ya gani, waɗanda ruwa yake tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, abin da ya rage a ciki ya yi sanyi. Duk wanda ya sha ruwan randa da azahar a watan bazara ya san fa'idar wannan hikima ko da bai san sirrinta ba.

A makarantar Abuja kuwa Ladi ta koyi gini a kan faifan da ake juyawa, ta ƙware, ta yi kwanoni da kofuna da take tsoma su cikin ruwan farar ƙasa ko ja, ta zana su da ƙayar beguwa. Amma manyan tulunanta ta ci gaba da gina su da hannu yadda ta gada, illa dai yumɓun ya sauya zuwa haɗin da zai jure wuta mai tsanani, aka cike tsagen zanen da farar ƙasa domin ya fito sarai, aka lulluɓe jikin da wani shafi mai narkewa ya zama gilashi, aka gasa a cikin tanderu da zafin da ya haura digiri 1,200. Sakamakon ya ƙayatar ƙwarai, babu musu. Sai dai tulun da ya fito daga wannan tanderu ya toshe, ba ya tsattsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Ya yi nauyin da ba macen da za ta ɗora shi a kafaɗa, yadda matan Gwari suke ɗaukar kaya, ta nufi rafi. Kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin duk wadda take bukatar tulu domin ruwa. Surarsa ta tulu ce, adonsa na tulu ne, amma aikin da ya rage masa guda ɗaya ne, watau a ajiye shi a kan teburi a dube shi. A ganina wannan ne haƙiƙanin tarihin shigar Ladi Kwali zauren nuni, kuma ban ɗauke shi abin zargi ga kowa ba, domin ita kanta ta karɓi sabuwar dabarar da hannu biyu, ta kuma sarrafa ta fiye da waɗanda suka kawo ta; illa iyaka ya kamata mai yabo ya san abin da aka bayar kafin a sami abin da yake yabo. Burin gwamnati na samar wa talaka kwano mai araha kuwa bai cika yadda aka so ba, gama mafi yawan masu sayen kayan Abuja Turawa ne mazauna ƙasar da manyan ma'aikata da masu tara kayan fasaha a ƙetare.

Wani abu kuma da zauren nuni yake bukata, wanda kasuwar ƙauye ba ta damu da shi ba, shi ne suna a rubuce. A Kwali kowa ya san hannun kowa, mai saye yana iya bambance ginin wance da na wance daga nesa, amma baƙon da ke Landan ba shi da wannan sani, sai an ba shi shaida. Saboda haka aka riƙa buga hatimi biyu a jikin kayan tun suna ɗanye: ɗaya na makarantar, mai ɗauke da sunan Abuja da haruffan Larabci, ɗaya kuma na magini, nata shi ne LK. Da waɗannan haruffa biyu ne masu gwanjo suke rarrabe aikinta har wa yau, da su ne kuma gidajen ajiya irin su Victoria and Albert na Landan da Smithsonian na Amurka suka shigar da ita cikin kundinsu.

A farkon shekarun 1960 ta bi tukwanenta zuwa Turai, kuma a can nunin ya koma wani iri, domin yanzu ba kayan kaɗai ake zuwa kallo ba, har da mai yin su. A makarantun fasaha na Ingila, da Wenford Bridge inda Cardew yake da gidan gini, da Faransa da Jamus, daga baya kuma a Amurka a 1972, takan tsaya gaban taron malamai da ɗalibai da curin yumɓu, ta kewaya shi har ya tashi tulu a gaban idonsu, su kuwa mutanen da aka tarbiyyantar a kan cewa ba a samun daidaiton zagaye sai da faifai, suna kallo. Girmamawa ta biyo baya: lambar MBE daga Ingila, digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1977, lambar yabo ta ƙasa a fagen ilimi da fasaha a 1980, da lambar girmamawa ta OON a 1981. Ta rasu a Minna a 1984, shekara guda bayan Cardew, an sa wa makarantar sunanta, hotonta kuma yana bayan takardar naira ashirin.

Ba ita kaɗai ce ta bi wannan hanya ba, ko da yake hasken sunanta ya rufe na sauran. Halima Audu ta shigo makarantar bayanta, ta nuna baiwa mai yawa, ajali ya katse mata hanzari tun da wuri. Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto su ma sun yi gini a wurin, waɗansunsu har zamanin Michael O'Brien, wanda ya gaji Cardew a 1965. Kowacce tana da hatiminta, kuma akwai tuluna masu sunan Abuja a gidajen ajiya na ƙetare waɗanda mai kallo zai rantse na Ladi ne, sai ya duba hatimin ya tarar na ɗaya daga cikin matan nan ne.