Daga 'Yan Doka Zuwa Askarawa: Wa Zai Rubuta Tarihin Tsaron Zamfara?

In ka taso daga Tsafe ka ratsa Gusau ka nufi Bungudu, kaki kala nawa za ka gani a hanya? Ga ɗan sanda, ga soja, ga Askarawan Zamfara da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Janairun 2024. Kuma duk majalisar da ka zauna sai ka ji ana gardama: a bar jihohi su kafa 'yan sandansu ko kuwa? To, ai an taɓa yin makamancin haka a nan, kuma har yau akwai dattawan da suka gani da idonsu.

Kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, dogarai ne ke kamo mai laifi, su tsare kasuwa, su zartar da hukuncin alƙali. Turawa suka bar su a hannun sarakuna. Daga shekarun 1920 aka fara yi wa tsarin kwaskwarima, aka fito da 'yan doka, masu kaki da fareti, ana biyan su daga baitulmalin En'e. A lokacin Gusau da Tsafe da Bungudu gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Da layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya jawo baƙi, aikin tsaro ya ƙaru. A 1930 kuma aka haɗe rundunonin Kudu da Arewa suka zama 'yan sandan Nijeriya. Ka ga kenan runduna biyu ke aiki a ƙasa ɗaya.

Da siyasa ta kankama a shekarun 1950, 'yan NEPU suka riƙa kukan cewa ana amfani da 'yan doka ana musguna musu. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar tarayya.

To wa ya rubuta wannan tarihi? Da farko masu mulki ne. A 1928 aka kafa mujallar The Police Journal a Ingila domin jami'an 'yan sandan daular Birtaniya, su ke rubutawa, su ke karantawa. Sai a 1970 Tekena Tamuno ya fitar da littafinsa kan 'yan sandan Nijeriya daga 1861 zuwa 1965. A 2001 Kemi Rotimi ya wallafa nasa, inda ya bi diddigin 'yan doka. Nan kusa, a 2021, Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar da bincikensa kan 'yan bindigar Zamfara. Amma yadda ɗan doka ya yi aiki a kasuwar Tsafe, wa ya ɗauke shi, gaban wa ake kai ƙararsa, wannan yana kwance a fayilolin Lardin Sakkwato da ke ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da kuma bakin tsofaffi.

In kana son ka kai irin wannan bincike mujallar ilimi, ka san akwai mai gadi a ƙofa. Tun 1832 ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan ta fara neman rubutaccen rahoton wasu masana kafin ta buga maƙala, yau kuwa kusan kowace mujalla mai mutunci haka take yi. Edita zai tura aikinka ga masu tantancewa, galibi biyu, sau da yawa an cire sunanka. Abin da suke nema shi ne tambaya ɗaya tak, da hujja. Kar ka ce za ka rubuta tarihin tsaron Arewa kaf. Ɗauki gunduma ɗaya da shekaru goma. Ka gwada rahoton Di'o da abin da dattijo ya faɗa maka, domin kowannensu da inda ya karkata. Ka nemi yardar wanda ka yi hira da shi, ka sakaya sunansa, don a Zamfarar yau suna a takarda na iya jawo wa mutum bala'i. Ka bi ƙa'idar mujallar kan tsawo da salon kawo madogara, kuma kar ka tura wa biyu lokaci guda. Wadda ta ce kawo kuɗi a buga maka cikin mako, guje ta. In an dawo maka da gyara bayan watanni, kar ka yi fushi, amsa kowane batu ɗaya bayan ɗaya.

Su fayilolin Kaduna za su iya jiran ka. Amma wanda ya sa kakin ɗan doka yana ɗan shekara 20 a 1965, yau ya kai 80. Shi za ka fara nema.