Sabon Malami Gaban Allo

Ku 'yan makaranta, in kun ga malaminku ya shigo aji da alli a hannu, ba ko ɗar, sai ku zaci haka aka haife shi. Ina! Shi ma akwai ranar da ya fara, gabansa na dukan uku-uku. Bari mu ba ku labarin magabatansa.

Cikin 1909 Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano. Da makarantu suka yawaita sai aka ga tilas a horar da samari aikin koyarwa. Saboda haka aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya buɗe ta cikin 1922. Yaro ya shekara 5 can, sa'an nan a ba shi aji.

To, nan fa ake yin ta. Ahmadu Bello ya fita cikin 1931 aka kai shi Midil ta Sakkwato, Abubakar Imam ya kama aiki a Midil ta Katsina cikin 1932, Abubakar Tafawa Balewa kuwa ya koma ta Bauci cikin 1933. Ba wanda ya haura shekara 22 a cikinsu. A zamanin nan ba a sa yara makaranta da wuri, saboda haka sabon malami yakan tarad da tsararsa zaune kan benci, wani ma gemu ya fara tsiro masa. Ga 'ya'yan sarakuna da na hakimai, waɗanda in malamin talaka ne, ya gamu da iyayensu a hanya, sai ya tuɓe takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa. A gari ana yi masa kallon mai karatun Nasara. Baturen makaranta kuma yana iya faɗowa aji ba zato, ya zauna can baya ya kasa kunne. Wa zai ce bai ji tsoro ba?

A ganinmu abin da ya fi taimakonsu shi ne littafin shirin darasi. Tun da dare malami zai zauna gaban fitila ya rubuta abin da zai fara da shi, da tambayoyin da zai yi, da wanda zai sa a allo. Gari na wayewa, ko murya ta yi rawa, hannu ya san inda zai bi. Kwana kaɗan sai murya ta daidaita. Ku duba, Imam da Balewa suna sababbin malamai suka shiga gasar da Dokta East ya shirya cikin 1933, suka rubuta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar.

Cikin 1976, da Gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa, aka watsa samari ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, har gefen dajin Ɗansoshiya. Da yawansu ba su sami dogon horo irin na Katsina ba, yara kuwa sun fi ƙarfin ɗakuna, har wani ajin a gindin itace yake zama. Nan suka jingina allo, suka buɗe rajista, suka fara kiran suna.