Yadda kumburin hanji mai daɗewa ke rikiɗa ya zama sankara

Sankarar babban hanji ita ce ta uku cikin nau'o'in ciwon daji da suka fi yawa a duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2020 mutane fiye da miliyan 1.9 suka kamu da ita, fiye da 900,000 kuma suka rasu. Wani kaso na masu cutar suna samun ta ne bayan sun shafe shekaru suna fama da kumburin hanji, musamman gyambon babban hanji da kuma cutar Crohn, wadda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1932.

Tun a 1863 masanin Jamus Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari, ya kuma yi hasashen cewa sankara kan tsiro a inda kumburi ya daɗe. Binciken zamani ya gano cewa a hanji abubuwa biyu ne ke haɗuwa su haifar da hakan: ƙwayoyin garkuwar jiki da furotin masu manne ƙwayoyin halitta da juna.

Bangon ciki na babban hanji shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, kuma ita ce ke raba jiki da ɗimbin ƙwayoyin bakteriya da ke cikin bayan gida. Wani furotin mai suna I-kadirin ne ke riƙe ƙwayoyin wannan shimfiɗa, kamar yadda laka ke riƙe tubala. Idan ya yi rauni, sai bangon ya tsattsage, bakteriya su kutsa, garkuwar jiki kuma ta tashi tsaye.

Daga nan rukuni na biyu na furotin masu manni ke shiga aiki. Jijiyoyin jinin hanji sukan fito da irin su ICAM-1 da MAdCAM-1 a bangonsu. Fararen ƙwayoyin jini da ke wucewa sai su maƙale da su ta hanyar wasu furotin da ake kira intigirin, su dakata, sannan su ratsa jijiyar su shiga naman hanji. A jiki mai lafiya wannan gangami yakan watse da zarar an kawar da barazana. A jikin mai kumburin hanji kuwa ba ya watsewa.

Ƙwayoyin nutrofil da makrofaj da suka taru suna fesa sinadarai masu guba domin kashe bakteriya, amma gubar tana lalata ƙwayoyin gado na bangon hanjin. Suna kuma sakin sinadaran isar da saƙo irin su TNF da IL-6, waɗanda ke umurtar ƙwayoyin bango su ci gaba da hayayyafa, har da waɗanda suka lalace, da ya kamata su mutu. A 2004 ayarin Michael Karin na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya nuna a jikin ɓeraye cewa toshe hanyar saƙo ta NF-kB yana rage ƙarin da kumburi ke haddasawa. Idan sankara ta kafu, raguwar I-kadirin tana sauƙaƙa wa ƙwayoyinta ɓallewa su bazu zuwa wasu sassan jiki, kamar hanta.

Wannan sankara ta bambanta da wadda aka saba gani. Sau da yawa ba ta farawa da tsiro mai kai da za a iya gani a cire, takan fara ne a shimfiɗe, a wurare da dama, kuma takan kama masu ƙarancin shekaru. Wani nazari da aka wallafa a 2001 ya ƙiyasta haɗarinta ga masu gyambon babban hanji da kashi 2 cikin 100 bayan shekara 10, kashi 8 bayan 20, da kashi 18 bayan 30, ko da yake nazarce-nazarcen baya-bayan nan sun nuna adadin ya ragu.

Wannan ilimi ya haifar da magunguna. Vedolizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2014, yana toshe intigirin ɗin da ke maƙalewa da MAdCAM-1, ya hana fararen ƙwayoyin jini kwarara cikin hanji. Likitoci kuma suna ba da shawarar a fara duba hanji da na'urar kyamara kimanin shekara 8 bayan bayyanar alamomin kumburin, a riƙa maimaitawa.

A Nijeriya, yawancin masu sankarar hanji suna isa asibiti ne bayan cutar ta yi nisa, domin akan ɗauki jini a bayan gida a matsayin basir ko atini, a yi ta shan jiƙo. Gudawa mai jini da ta ƙi tsayawa tsawon makonni, da rama, da ƙarancin jini, alamomi ne da ke buƙatar ganin likitan ciki a manyan cibiyoyi irin su Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Masu rajista da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda hedikwatarta ke Utako a Abuja, suna iya neman takardar turawa daga asibitin da suka yi rajista da shi.