Daga Gandu zuwa Gunduma: Tsarin Zaman Manoma a Ƙasar Ɗambatta

Ibn Khaldun ya kafa Muƙaddimarsa a kan cewa mutum ɗaya ba ya iya samar wa kansa abinci da tsaro sai da taimakon 'yan'uwansa. Tarihin karkarar arewacin Kano ya gaskata wannan. Tun a 1970 Abdullahi Smith ya nuna cewa daulolin Hausa daga ƙasa suka tsiro: gidajen manoma suka zama ƙauye, ƙauyuka suka haifi gari mai kasuwa, sannan birni mai ganuwa ya mallake su.

Tubalin farko shi ne gandu. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, suna zuba gero da dawa a rumbu ɗaya. Amma ba bauta ba ce, domin haƙƙi yana tafiya ta ɓangarori biyu. Maigida ne ke ciyarwa, ya biya haraji, ya sayi fartanya, ya yi wa saurayi auren fari, ya kuma yanka masa gayauna wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Idan aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya, a yi wa maƙwabta fura da tuwo, su kuma su taya noma, da sanin cewa gobe za a rama musu. Daga nan unguwa ta samu mai unguwa, gari ya samu dagaci, gwanin manoma ya zama sarkin noma.

Jihadi ya sauya masu mulki, bai rushe wannan tushe ba. Bayan an ci Sarki Alwali a Ɗanyaya a 1807, yankin ya zama fagen jayayya tsakanin Ɗantunku, wanda ya kafa Kazaure, da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau mulki a 1819. Ɗambatta ta tabbata a hannun Dambazawa, zuriyar Malam Dabo Dambazau, masu sarautar Sarkin Bai. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 aka fitar da hakimai daga birni su zauna a gundumominsu.

Abin da ya girgiza gandu ba takobi ba ne, kuɗi ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta samu kasuwa, saurayi ya iya biyan harajinsa da sadakinsa daga gayaunarsa. Wasu kan ɗora laifin tsinkewar gandu a kan rabon gado, amma wannan zargi bai tsaya da ƙafafunsa ba. Shari'a ta fayyace rabon kowane magaji, mace da namiji, ba ta hana magada su yi tarayya a gona bisa yardarsu ba, kuma fiƙihun Malikiyya yana da babin shirka da na muzara'a. 'Yan'uwa sun daɗe suna ci gaba da gandu bayan rasuwar mahaifi, ƙarƙashin babban wa, alhali kowa ya san kasonsa.